Kafin a sauya wa mai bawul a zuciya maganin tsinke jini

Aikina ba da magani ne a sashen masu ciwon zuciya. Wata rana wata budurwa ta ajiye min kwalin Xarelto, wato maganin tsinke jini rivaroxaban, a kan tebur tana murna, wai yayanta ya sayo mata, an ce masa sabo ne, ba sai ana ɗibar jini duk wata ba. Na ce, "Ƙanwata, matso kusa." Da ɗakin ya yi tsit sai ga ƙarar nan, ƙyas-ƙyas kamar agogon hannu, tana fitowa daga ƙirjinta. Gabana ya faɗi. Bawul ɗin ƙarfe ne, wato 'yar ƙofar jini da aka dasa mata a zuciya, kuma kwananta 4 rabonta da warfarin, tsohon maganin tsinke jinin da take sha.

Don haka abin da za ka fara yi shi ne ka gano irin bawul ɗin da aka sa. Nemi katin ko takardar sallama da aka ba mutum bayan tiyata, ko a Indiya aka yi ko Masar ko Sudan, a rubuce yake. Iri biyu ne: na ƙarfe, da na nama wanda ake yi daga jikin saniya ko alade.

In na ƙarfe ne, magana ta ƙare, warfarin ne har ƙarshen rayuwa. An gwada sababbin magungunan, irin su dabigatran da apixaban, kuma an sha wuya. A binciken RE-ALIGN da aka buga a 2013, an ɗauki mutum 252. Cikin waɗanda aka ba dabigatran 9 sun samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren warfarin ko ɗaya babu, ga zubar jini ya fi yawa. Dole aka tsayar da binciken. Aka sake gwada apixaban a kan wani bawul ɗin ƙarfe mai suna On-X, wanda ake ganin jini bai cika daskarewa a kansa ba, shi ma a 2022 aka dakatar saboda gudajin jini.

Na nama kuwa da sauƙi. Bayan wata 3 da tiyata, idan zuciyar mutum tana bugawa barkatai, likita zai iya ba shi sabon maganin. Binciken RIVER na ƙasar Brazil, mai mutum 1,005, ya nuna rivaroxaban bai gaza warfarin ba a irin waɗannan. A dai duba ƙoda tukuna, don ta nan wani kaso na maganin ke fita.

Akwai wasu da nake yawan gani a nan, waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu bawul ɗin mitiral, wanda ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, ya tsuke, ba a ma yi musu tiyata ba. Su ma, in zuciyarsu tana bugawa barkatai, warfarin ne. Binciken INVICTUS na 2022, mai mutum sama da 4,500 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya samu mace-mace sun fi yawa a ɓangaren rivaroxaban.

Na san warfarin akwai gajiyarwa, kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum. Amma ga yadda ake zama lafiya da shi. A sha a lokaci guda kullum, ni nakan ce bayan sallar isha'i. A riƙa gwajin INR, wato awon yadda jini ya tsinke, a rubuta a ɗan littafi: yawanci 2 zuwa 3 ake nema ga bawul ɗin ayota, na bakin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, 2.5 zuwa 3.5 ga na mitiral. Ba na hana kowa zogale ko alayyahu, abin da nake hanawa shi ne a yi mako ba a ci ba, sannan a cinye kwano guda na kwaɗo rana ɗaya. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi, rifampicin na tarin fuka yana karya shi. Diclofenac da ibuprofen kuwa a bar su, paracetamol ya wadatar. Mace mai shirin ɗaukar ciki ta ga likita kafin cikin ya shiga, kuma sababbin magungunan nan ba na mai ciki ba ne.

Baƙin bayan gida, haɓo da ya ƙi tsayawa, baki ya karkace, numfashi ya yi wuya, ko ƙarar bawul ɗin ta dusashe: asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Budurwar nan kwantar da ita aka yi, ana mata allurar tsinke jini ta heparin, aka mayar da ita kan warfarin, har INR ɗinta ya hau. Yayan ya zo yana ta ba da haƙuri, na ce ya zauna, na sa shi ya kara kunne ya ji ƙarar da kansa.