Darasi na 7: Ƙara wa kilim ɗin mota sanyi da hannunka

Duk wanda ya tuka mota a Damagaram cikin watan Afrilu ko Mayu ya san bazara. Zafi yakan wuce digiri 40, sitiyari ya ƙi taɓuwa. Ka kunna na'urar sanyaya mota, wadda muke ce wa kilim, mutanen Kano kuma su ce esi, sai ka ji iska mai ɗumi tana busowa. Nan take wani zai ce maka, "Gas ne ya ƙare." Kada ka yi saurin fitar da kuɗinka. Sau da yawa ƙura ce.

Ni kaina na taɓa biyan kuɗin gas har sau biyu a shekara ɗaya, sanyi bai dawo ba. Wata rana a hanyar Mirya na tsaya wajen wani dattijon makanike. Ya buɗe murfin inji, ya leƙa, ya ce, "Ɗana, zo ka gani." Baƙar leda ce ta manne a gaba, ga busassun fara, ga ƙaiƙayi. Na ce, "Baba, wannan ne kawai?" Ya ce, "Wanda aka toshe wa hanci, ina zai yi gudu?"

Abin da ya nuna mini sunansa kwandansa. Yana gaban lagireto, kuma sun yi kama. Kilim yana kwashe zafin cikin mota ne, ya kai shi kwandansa, iskar waje ta tafi da shi. In ƙurar hunturu ta toshe ramukansa, zafin ba shi da hanyar fita.

Ga yadda ake wanke shi. Kashe mota, cire makulli, ka jira inji ya huce, domin a wasu motoci fanka takan tashi da kanta ko an kashe inji. Cire leda da ciyawa da hannu. Samo tsohon buroshin haƙori, ka riƙa sharewa a hankali, kana bin layin ƴan siraran ƙarafunan nan. Laushi gare su kamar gwangwanin madara, waya ko ƙusa za ta lanƙwasa su, ko ma ta huda bututu. Sannan ka zuba ruwa da buta har sai ruwan da ke gangarowa ya daina ja. Buta biyu ko uku sun isa, ka san darajar ruwa a garin nan. Kada ka bari masu wankin mota su kusanto da injin feshi mai ƙarfi.

Na biyu shi ne matacin iska. A motoci da yawa, kamar Toyota Corolla, yana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Zaro shi, ka kula da inda kibiyar jikinsa take nunawa don ka mayar daidai. Kakkaɓe shi. In ka ɗaga shi ga rana haske bai ratsa ba, sayi sabo. Na takarda ne, ba a wanke shi.

Yanzu kunna mota da kilim, ka tsaya gefe ka duba fankar gaba. In ba ta juyawa, shi ya sa kake samun sanyi a kan hanyar Tanut amma ya ɓace cikin cunkoson kasuwa. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne.

Akwai ƙananan gyare-gyare guda biyu da za ka iya ƙarawa. Bututu biyu ne ke shiga cikin mota daga wajen inji. Mai kaurin yana da sanyi, har ya yi gumi. Naɗe shi da baƙin soso irin wanda masu gyaran firij ke sayarwa, ka ɗaure sosai, nesa da bel da salansa. Siririn mai zafi ne, bar shi a buɗe. Haka kuma, in akwai rata a gefe tsakanin kwandansa da lagireto, cika ta da soso mai jure zafi, don iskar da fanka ke ja ta bi ta cikin kwandansa. Ƙarin sanyin ba mai yawa ba ne, amma da tsakar rana za ka ji shi.

Abin da ya fi duka sauƙi shi ne inuwa. Motar da aka bari a rana a rufe, cikinta yakan haura digiri 60. Nemi gindin dogon yaro, ko ka yanka kwali ka rufe gilashin gaba. Da ka shiga, sauke gilasai na minti biyu zafi ya fita, sannan ka rufe ka danna maɓallin da ke da hoton mota da kibiya mai lanƙwasa. Shi ke sa kilim ya riƙa juya iskar ciki da ta riga ta yi sanyi, kuma ƙura ba ta shigowa. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota in kilim na aiki ba matsala ba ne.

Maganar gas kuwa, ina roƙonku ku riƙe ta da kyau. Gas ɗin kilim ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa yake yi. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Duba mahaɗar bututai: inda ka ga maiƙo ƙura ta manne, nan ne. Kada ka kwance da kanka, in ya fesa a ido yana makantarwa. Yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 suna amfani da R134a, sababbin da ke zuwa daga Turai kuma R1234yf. An rubuta irin na motarka a wata ƴar takarda ƙarƙashin murfin inji. Kada ka yarda kowa ya ɗura maka gas ɗin girki don araha, wuta yake kamawa, kuma iyalinka ne a cikin motar.

Aikin gida: buɗe murfin injin motarka ko ta maƙwabcinka, ka nemo takardar nan, ka kwafi haruffa da lambobin a littafinka. Gobe kowa zai karanta mana nasa.