Ƙanƙarar kindirmo da gwaiba: shawara ga wadda ta tare a Yamai

'Yar'uwa, idan ƙarshen damina ya same ki a Yamai, kada ki ɗauka sanyi ya iso. Watan Oktoba a nan zafi ne na gaske, rana takan kai maki 38, sai wajen Disamba hunturu ke kankama. Yara na dawowa daga makaranta abin da za su fara tambaya shi ne mai sanyi, ga masu tallan ƙanƙarar leda a kowane lungu, wadda yawancinta ruwa ne da sukari da kala. Ni dai na daina saya wa nawa, da kaina nake yi musu ƙanƙarar kindirmo da gwaiba, tunda kaka lokacin gwaiba ne kuma nono bai yi wuya ba.

Ki fara da sanin sunayen kaya. Yogot a nan "yawur" ake cewa, na leda kuwa da yawa "solani" suke kiransa, daga sunan kamfanin madara na ƙasar. Firji shi ne "firigo". Lissafin kuɗi da dala ake yi: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka kuma 1,000. Ki riƙe wannan kafin ki shiga Katako ko Wadata cefane.

Na fi son kindirmo, domin sai an dafa madara ake yinsa, ba kamar nonon da ba ki san yadda aka sarrafa shi ba. Ki samu lita ɗaya, ki juye a ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki sa kwano a ƙasa, ya yi awa uku cikin firigo. Nan sirrin yake. Ruwan da ke ɗiga shi ne ke daskarewa kamar dutse. Shekarata ta farko ban tace ba, ƙaramar 'yata ta yi ta kankara da cokali har ta haƙura. Wanda aka tace kuwa laushi gare shi, yana narkewa a baki.

Gwaiba huɗu nunannu, irin waɗanda ƙamshinsu ke cika ɗaki, ki markaɗa ki tace 'ya'yan. Dabino bakwai ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki cire ƙwallo ki daka, shi zai tsaya a madadin sukari. Na Bilma busasshe ne, yana son jiƙo sosai. Sai garin citta rabin ƙaramin cokali, kirfa kaɗan, kanumfari ƙwaya biyu kacal, don yana danne ɗanɗanon komai in ya yi yawa. Ki haɗa su duka da kindirmon da kika tace, ki ɗanɗana, ki bar zaƙin ya ɗan fi yadda kike so, saboda sanyi na rage jin zaƙi a harshe.

Kankana tana da araha yanzu, amma ruwa ya yi mata yawa, gara a sha ta haka nan. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Ki zuba a ƙananan kofuna ko leda, ki sa a gidan ƙanƙara na firigo, awa shida sun isa. Wuta takan ɗauke, don haka ki yi na kwana biyu kawai. In ya narke gaba ɗaya kada ki mayar ya sake daskarewa: idan da sauran sanyinsa a shanye a take, in ya ɗumama a zubar. Lemun Timiya, wani gari a yankin Agadas, zai shigo kasuwa da sanyi, ki kankare ɓawonsa kaɗan a kai.