Yadda Za Ka Koya Wa Yaro Karatun Hausa Tun Daga Aji Ɗaya

Akwai ajin da za ka wuce ta bayan taga ka ji murya ta cika makaranta, malam na faɗa yara na amsawa, "e, bi, si, di", har ka ce ai waɗannan sun yi nisa. Amma ka kira ɗaya daga cikinsu gefe, ka rubuta masa "nama" a ƙasa, ka ce ya karanta. Sau da yawa shiru za ka ji, domin waƙar ya haddace, haruffan kuwa bai san su ba. Yaron da ya bar aji uku a haka zai sha wuya a lissafi da kimiyya da komai, tunda kowane darasi ta hanyar karatu ake shigarsa.

Abin yana da ciwo, saboda Hausa ba ta da wuyar karantawa. Wasulanta biyar ne, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa duk inda ya zo. A 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta wancan lokaci ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu, kuma shirin Mu Karanta da aka gudanar a makarantun Bauchi da Sakkwato a kan wannan turbar ya tafi. Ga yadda malami, ko uwa a tsakar gida, zai bi abin.

Ka fara da kunne kafin ka ɗauki alli. Yaro yana zuwa makaranta da Hausa cike da baki, amma bai taɓa lura cewa kalma tana rarrabuwa ba. Ku riƙa tafa sunayen 'yan ajin: Mu-sa tafi biyu, A-mi-na uku, Ab-dul-la-hi huɗu. Daga nan ka ce, "Wa zai ba ni kalmar da ta fara kamar mota?" Za ka ji masara, madara, mangwaro. Minti biyar a farkon darasi ya wadatar.

Sai haruffa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Sautin harafi za ka koyar, ka ajiye sunansa na Turanci tukuna. Yaron da aka koya wa cewa m sunansa "em", a kuma "e", in ya zo haɗa su "em-e" zai ce, ba zai taɓa fitar da "ma" ba. Ka rufe leɓe ka ja "mmm", su ma su ja, su taɓa leɓunansu su ji yadda suka haɗu. Kada kuma ka bi jerin a, b, c. Ka zaɓi haruffan da suka fi yawa a magana: a tukuna, don babu harafin da ya kai shi yawa a Hausa, sannan n, k, m. Da waɗannan huɗun kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, kama, har ma da cikakkiyar jimla irin su "Kaka na nan" da "Ka kama nama". Wato kafin wata ya ƙare ya karanta magana mai ma'ana da kansa, kuma murnar da zai yi a ranar ita ce za ta ja shi zuwa gaba. Harafi biyu ko uku a mako sun isa. Duk wanda aka koya a rubuta shi a ranar, da yatsa a iska, da tsinke a ƙasa, sannan a littafi, ana rubutawa ana faɗin sautinsa.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, wato auren baƙi da wasali. Wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin: babbaƙu tukuna, sai farfaru, sannan a fara haɗawa. Ka yayyanka tsohon kwali, ka rubuta baƙi a wani, wasali a wani. Yaro ɗaya ya riƙe m a hagu, wani ya riƙe a a dama, su riƙa matsowa a hankali, aji na jan "mmm… aaa" har kafaɗunsu su haɗu a ce "ma". Ka sauya wasalin: mi, mo, mu, me. Kowane sabon abu kai za ka fara yi suna kallo, sannan ku yi tare, sannan su yi su kaɗai.

To amma a yi hattara da "ba, be, bi, bo, bu". Ita ma cikin kwana kaɗan take komawa waƙa, yara su rera ta ido a rufe. Ka hargitsa jerin kullum: bu, ba, bo, ka nuna na ƙarshe, ka dawo tsakiya. Ka kira mutum ɗaya, musamman na bayan aji da yarinyar da ba ta ɗaga hannu. Amsar taro tana ɓoye yara da yawa, domin biyar ne suke karantawa, saura suna bin bakinsu. Ka lura kuma da yaron da yake zuwa makarantar allo da safe ko da yamma, wani lokaci zai faro kalma daga dama. Ba laifinsa ba ne, rubutu biyu yake koyo a lokaci guda. Ka sa ɗigo a gefen hagu na layi, ka ce daga nan ake tashi a boko.

In gaɓa mai baƙi da wasali ta zauna, a shiga mai rufaffen baki: kan-ti, tam-ba-ya, gir-ki. A nan ne za ka nuna musu baƙin da ake maimaitawa, han-nu, kun-ne, bab-ba, a tafa su ji inda gaɓar ta tsaya. Tagwayen baƙaƙe kamar sh, ts, kw, gy, da tagwayen wasula ai da au, a koyar da kowannensu a matsayin sauti guda, kada a raba su.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, tare da 'y wanda a Nijar ake rubutawa ƴ, su zo bayan yaro ya riƙe b da d da k da kyau. Kunnensa ya riga ya san bambancin, ido za ka koya wa. Ka rubuta baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, gaba da gaɓa, ka karanta ɗaya su nuna ta. Ina roƙon malamai su daina sakaci da ƙugiyar nan a kan allo, don abin da yaro ya gani shi zai kwafa har girmansa. Haka nan b da d, waɗanda yara ke yawan juyawa, kada a koyar da su a mako ɗaya.

Akwai abu guda da rubutunmu ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali. Kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya. Saboda haka tun da wuri ka saba wa yaro ya kai ƙarshen jimla kafin ya yanke hukunci: "Audu yana kuka", "Audu ya hau kuka". In ya karanta da karin da bai dace ba, ka tambaye shi, "Haka muke faɗa?" Da kansa zai gyara.

Daga nan sai yawan karatu. Ka rubuta gajeren labari na jimla huɗu ko biyar da haruffan da aka riga aka koya, su karanta bibbiyu, kowa yatsansa a ƙarƙashin kalma. Kana gamawa ka yi tambaya: wa ya zo, me ya saya, me ya sa ta yi fushi? Kullum kuma ka karanta musu abin da ya fi ƙarfinsu, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko wani labari, su ji yadda mai karatu yake tsayawa a aya, yake ɗaga murya a tambaya. A gida, iyaye su sa yaro ya karanta musu abin da aka koya a ranar, ko minti goma ne bayan magariba. Uwar da ba ta yi boko ba ma za ta iya, tunda in ya karanta abin da ba Hausa ba kunnenta zai kama.

Duk bayan 'yan makonni ka zauna da kowane yaro shi kaɗai, ka ba shi minti ɗaya ya karanta, ka rubuta inda ya tsaya: bai san haruffa ba, yana gaɓa, yana kalma, ko ya kai labari. Sai ka raba ajin bisa haka na wani ɗan lokaci a kowace rana, ba bisa shekaru ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da wannan dabarar, kuma tana da amfani ƙwarai a ajin da ya cika maƙil. Wanda duk aka yi aka yi bai motsa ba, kada a kai masa bulala ko a kira shi daƙiƙi. Ka dawo da shi gaban aji, ka lura ko yana matse ido in yana duban allo, ko sai an maimaita magana yake ji, ka faɗa wa iyayensa su kai shi asibiti a duba.

Turanci kuwa a ci gaba da jinsa da faɗinsa tun aji ɗaya, amma karanta shi ya jira har yaro ya iya karanta labarin Hausa ba tare da gargada ba. Ranar da za ka fara, ka gaya musu ƙarara cewa yawancin baƙaƙen suna nan da sautinsu, sai dai c da wasulan sukan sauya murya, kuma akwai baƙi huɗu, p da q da v da x, waɗanda ba su gamu da su a Hausa ba.