Kurakuran Haɗin Kai da Ke Jawo Haɗari a Wurin Gini

Da yawa daga cikin haɗurran wurin gini a mahaɗar aiki suke faruwa, inda aikin birkila ya ƙare na mai wayarin ya fara. Kowa ya ɗauka ɗayan ne ke lura, sai a wayi gari babu mai lura.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne barin wurin ba tare da mutum ɗaya da alhakin tsara aikin kowa ya rataya a wuyansa ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 167 ta 1988 ta ɗora wannan nauyi a kan babban ɗan kwangila idan kamfanoni biyu ko fiye suna aiki wuri guda. A sanar da sunan mutumin, leburan da ya zo yau ma ya san shi.

Duba abin da ke faruwa da dandamalin da ake hawa. Mai filasta ya ga ƙarfen da ya ɗaure shi da bango ya tsone masa ido, ya kwance shi, ya shafe wurin, ya tafi. Washegari kafinta ya hau da kayansa, bai san komai ba. Gyaran shi ne kada kowa ya taɓa dandamalin sai wanda ya kafa shi, kuma a sake duba shi bayan kowane sauyi. Haka wuta: wanda ya kashe babban makunni ya sa masa kwaɗo, makullin na aljihunsa har ya gama.

Taron safe ma ana ɓata shi. Shugaban aiki ya yi ta jawabi kan hular kwano, kowa na gyaɗa kai. Tambayar da ta fi amfani gajeriya ce: yau wa zai yi aiki a saman wa? Minti biyar sun isa a ɗage waldar sama zuwa lokacin da ba kowa a ƙasa.

Sannan kada a tsawata wa wanda ya kawo labarin bulon da ya faɗo bai sami kowa ba. Ranar da aka ci masa mutunci, sauran za su ja bakinsu su yi shiru.

Mai zanen gini kuwa a zaunar da shi da magina tun kafin a haƙa harsashi. A Birtaniya dokar CDM ta 2015, wato dokar zanen gini da gudanar da aikinsa, ta wajabta wa masu zane rage haɗari tun a kan takarda, misali a tsara a haɗa sassan rufi a ƙasa sannan a ɗaga su.