Yadda za ka yi waƙar kare itatuwa a ƙauye har mutane su karɓe ta

Ba zan tsaya kan ɗaurin tsirkiyar gurmi ko neman 'yan amshi ba, wanda ya kai ga karanta wannan ya riga ya iya. Abin da ke kayar da samarinmu a yankin Babura da Maigatari shi ne baitin kansa.

Da farko, kada ka rubuta ko kalma ɗaya sai ka gyara gonarka. In kana sassabe, bar tohon gawo da na kalgo da ke fitowa daga kututture, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Haka manoman Maraɗi suka dawo da itatuwansu tun shekarun 1980, ba su sayi dashe ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tsare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Ka ga kana da abin faɗa a waƙa wanda idonka ya gani.

Sai rubutun, kuma a nan na taɓa faɗuwa. Waƙata ta farko zagin masu sarar itace ce daga farko har ƙarshe. Na rera ta a wani biki, wata dattijuwa ta jira na gama ta ce, "Ɗan nan, to da me za mu tuƙa tuwo?" Ban sami amsa ba, domin a gidanmu ma itace ake hurawa. Na kwana uku ina jin maganar nan. Matar da ke yin tafiyar awa guda neman kirare ba ita ta jawo hamada ba, ita ce ta fara shan wahalarta. Saboda haka dokata ke nan: kowane baiti na kuka, a bi shi da baitin mafita. Ka ambaci murhun laka mai tsimin itace, ka ambaci sassaƙe reshe maimakon kayar da uwar. Kuma ka kira abu da sunansa. "Muhalli" ba ya taɓa zuciyar kowa, amma tsamiyar bakin kasuwa da aka kayar, ko ciyawar kachalla da ta toshe wa masunta hanya a fadamar Haɗeja, kowa zai ɗago kai. Amshi kada ya wuce layi biyu, yadda yara masu kiwo za su ɗauka a jin farko. Sunan ɗan siyasa kuwa, ni ban yarda a sa ba, ko da ya yi alkawarin kuɗin sutudiyo.

Ɗaukar waƙar a faifai ba ta buƙatar zuwa Kano. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano kama murya. Ka bari sai bayan isha'i, injin niƙa ya yi shiru, ka rataya bargo a ƙofa. Ƙaramin faifan sola ya isa cajin waya. Janareta kuɗin mai ne kawai da ƙara a cikin waƙarka.

In ta kammala, kai ta wurin masu tura waƙa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka ba su kyauta, ka sa a WhatsApp. In za ka sayar a jihar Kano, fara yin rajista da hukumar tace fina-finai.