Darasi na 7: Idan Caji Ya Yanke Wa Motar Lantarki A Gida

Mutum ya jona motarsa da dare, ya tashi da safe ya tarar batir yana nan inda ya bar shi. Toh kada a yi saurin zargin mota, galibi matsalar daga wutar gidan take.

Fara da abu mai sauƙi. An ɗauke wuta cikin dare? Kuɗin mita ya ƙare? Akwai motocin da suke ci gaba da caji da kansu in wuta ta dawo, wasu kuwa sai ka zare kan cajar ka sake turawa sosai har ka ji ta kama. Ka duba allon motar ma, wataƙila an saita ta ta tsaya a kashi 80, ko an sa mata lokacin da za ta fara.

In duk wannan lafiya, je ka taɓa soket. Cajar da ake ba ka tare da mota tana jan kamar amfiya 10 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da abu yake ja), kuma ba na minti biyar ba kamar butar shayi, a'a awa takwas awa goma ba hutawa, soket ɗinmu na bango kuwa iyakarsa amfiya 13 ne, in ya tsufa ko wayar ciki ta yi sako-sako sai ya ɗau zafi, yawancin cajoji kuma da sun ji zafin nan suke rage wuta ko su tsaya. Ka ga robar ta yi baƙi-baƙi a bakin ramukan, ko ka ji ƙauri? Kashe, kar ka sake jonawa. Kuma don Allah a bar ƙarin waya, irin wadda ake jona firji da talabijin, nan gobara ke farawa.

Sai raunin wuta. Ya kamata ta kai wajen bolt 230 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), amma da yamma in unguwa duk an kunna kaya sai ka ga ƙwai ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar. Caja ba ta son haka. Gwada cikin dare sosai, ko ka rage amfiya zuwa 8 ko 6 in cajarka tana da maɓallin.

Wadda ta fi damuna ita ce wayar ƙasa, wato wayar da take kai wutar da ta tsiyayo zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa don kada ta ja mutum. Gidaje da yawa ba a binne musu ƙarfen ƙasa ba, janareto ma haka, caja in ba ta same ta ba sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Wasu kan ce a yi wa cajar dabara ta yi aiki ba wayar ƙasa. Kar ka yarda, jikin mota ƙarfe ne kuma yara na taɓawa. Kira ƙwararren mai wayarin ya binne ƙarfen, ya ja wa motar layinta daban da birekarta, wato makunnin da yake yanke wuta da kansa in an sami matsala.

Aikin gida: dubi fitilun cajarka, rubuta launin da suke nunawa lokacin da caji ya tsaya da ƙarfe nawa ne, ka zo da shi aji.