Yadda Ake Gyara Akwatin Binciken Google a Shafinka

Masu tambayar yadda ake saka akwatin binciken Google a shafinsu na intanet sun yi yawa, ga matakan:

1. Buɗe Programmable Search Engine (shafin Google na ƙirƙirar injin binciken shafinka) da asusunka na Google.
2. Danna Add.
3. Ba injin suna.
4. Rubuta adireshin shafinka, ka ƙare shi da /*. Hattara: nan ake yawan kuskure. In ka sa adireshin rubutu guda, shi kaɗai injin zai duba.
5. Danna Create.
6. Shiga Look and feel.
7. Zaɓi tsarin fitowar sakamako.
8. Daidaita launi da na shafinka. Ni dai na fi son fari, ya fi sauƙin karantawa a waya.
9. Kwafo lambar akwatin (code) daga Get code.
10. Manna ta a shafinka, inda kake son akwatin ya bayyana.
11. Gwada kalma ɗaya. Sabon rubutu ba zai fito ba sai Google ya gano shi.